Ramin da Waya ta Bi

Shekaran jiya muna cin abinci a gindin darbejiyar bakin shagona, na ji ɗayanku ya ce wai aikina, ni Baba Haladu, ko mai ɗinkin ƙwarya zai iya, ai toshe rami ne kawai. Kuka kwashe da dariya, ni ma na taya ku. Ku masu jan waya ne, kun iya haɗa fanel, kun iya karanta zanen gini, shi ya sa kuke ganin duk wanda ya biyo bayanku da cokalin magini da buhun auduga shara ya zo kwashewa. To ku gyara zama. Yau babu wuta a layin nan na Sharaɗa, ba injin da zai tashi, sai ku ji yadda ake toshe ramin.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Ci-rani ya kawo ni Kano, na fara da dako a wata masaƙa a Bompai, zamanin da in an tashi daga aiki kekuna ke cika titi har mota ta rasa hanya. A nan na haɗu da maigidana Malam Iro, mutumin Damagaram, wanda ke kula da wayoyin masaƙar. Dogo ne, siriri, ba ya son yawan magana. Ya ga ina riƙe masa tsani ba na waige-waige, sai ya ce in ajiye dako in bi shi.

Bai bar ni na taɓa waya ba sai da ya kai ni kallon ɓarnar gobara. Wani kamfanin barguna ne ya ƙone, bayan 'yan kwana-kwana sun gama aka kira shi ya duba ko akwai wayar da za ta sake moruwa. Muka shiga, ƙasa duk baƙin ruwa, ƙauri ya cika ko'ina. Ya tsaya a ɗan ƙaramin ɗakin da wutar ta tashi, inda ake ajiye man inji.

"Haladu, bangon nan ya faɗi?"

"A'a, Maigida, yana nan tsaye."

"Ƙofar fa?"

Na duba. Ta ƙarfe ce, a rufe aka same ta, fenti ne kawai ya ɗaye.

"To ta ina ta fita?"

Na shiga dube-dube. Sai ya ɗaga tocila sama. Can kusa da rufi akwai rami da bai wuce faɗin faranti ba, inda tiren waya ya ratsa bango, wato ƙarfen nan mai huji-huji da kuke jera wayoyi a kai. Robar da ke jikin wayoyin ta ƙone ƙurmus, sai tagulla tsirara. Muka bi tiren nan da ƙafa. Ya ratsa wani bango, ya ratsa wani, har ɗakin ajiyar barguna a ƙarshen ginin. Duk inda ya bi, baƙin ya bi shi.

"Magini ya yi bango don ya tsare wuta," in ji Malam Iro, "mu muka zo muka huda shi. Wanda ya huda, shi ke da alhakin rufewa."

Ramin farko da ya bar mini ni kaɗai yana bangon ɗakin rini na masaƙarmu. Wayoyi ne masu kaurin rake a cunkushe, an ɗaure su tamau kamar damin dawa. Na cusa audugar dutse ta gefe da gefe, na shafe fuskar da kwaɓi, na goge ta da bayan cokali har tana ƙyalli. Na kira shi ina jin kaina. Bai ko dubi shafen ba. Ya ce in zagaya ɗaya gefen in haska tocila a jikin wayoyin, shi kuma ya kashe fitilar nasa gefen. Can sai na ji muryarsa ta cikin bango:

"Ina ganin haskenka. Farfasa."

Tsakanin waya da waya ne. Kowace waya zagayayya ce, in ka haɗa uku dole su bar ɗan lungu a tsakiya, kuma hayaƙi ba ya neman fiye da haka. Sai da na kwance ɗaurin, na rarraba su, na cike tsakanin kowace da kowace, sannan na mayar. Da na gama ya kunna tsinken turare ya kai bakin wurin. In akwai kafa ko ta allura ce, za ka ga hayaƙin turaren ya karkata yana neman shiga. Ya miƙe sama sak. Malam Iro ya kashe tsinken a tafin takalminsa ya wuce. A wurinsa wannan shi ne yabo.

Audugar dutsen nan da kuke gani kamar abin wasa, ba ta ci da wuta, amma ita tana cin mutum. In ka yanka ta ba safar hannu ba takunkumi, kwana za ka yi kana susa kana tari. Ana yanka ta da tsohuwar wuƙar burodi, kuma a yanka ta ta ɗan fi ramin girma, don ta shiga da ƙyar ta cije. Wadda ta shiga da sauƙi, da sauƙi za ta fito. Kafin ta shiga sai ka share ramin da burushi, don man toshiya ba ya kama ƙura, ba ya kama maiƙo. Bayan ta shiga ka shafe fuska biyu, ba ɗaya ba, saboda ba ka san ta wane ɗaki wutar za ta taso ba. Sannan ka bi wayoyin da fenti na musamman, kamar kamu ɗaya ko fiye a kowane gefe, don kada wuta ta hau robar ta zo har bakin bango. Sannan ka duba tiren kansa. In ba shi da madogara kusa da bango, zafi na taɓa shi zai lanƙwashe, nauyin wayoyin ya fizge duk abin da ka toshe ya zubar ƙasa. Ɗan madubin nan da ke aljihuna, wanda kuke tsokanata wai na kallon furfura ne, da shi nake leƙa saman tire inda kai ba ya shiga. Yawancin ha'incin aikin nan a can sama yake ɓuya.

A farkon shigata akwai wata farar hoda da muke kwaɓawa, daga baya aka hana ta, aka ce tana lalata huhu. Da hannu muke damunta, ba wanda ya gaya mana. Malam Iro da tari ya rasu. Allah ne masanin sanadi, Allah Ya jiƙansa da rahama.

Na yi wani aiki a majemar fata a Challawa wanda har yau in na ji warin jima sai na tuna shi. Wayoyin sun taso daga ƙasa sun huda rufin kankare sun hau bene. Ramin bango daban, ramin rufi daban. Na rufi shi ne mugu, don wuta sama take so, kuma rami a rufi bututun hayaƙi ne aka gina mata kyauta. A nan ba cusa auduga kawai za ka yi ba. Sai ka kafa katako ta ƙasa ya tare, ka hau sama ka zuba kwaɓin da aka yi don wuta, ka zuzzunguri tsakanin wayoyin da sanda har ya sauka ko'ina, ka jira ya kama sannan ka cire katakon. Majema kuma wuri ne mai danshi da gishirin magani, ƙarfe ba ya daɗewa. Maƙalan da ke riƙe da tiren wayoyin na tarar duk tsatsa ta cinye su, da yatsa nake ɓalle su. Na ce sai an canza. Mai kula da wurin, wani dattijo ɗan asalin Challawa, ya ce, "Malam Haladu, mu fa rami muka kira ka ka toshe, ba ƙira ba." Na ɗora hannunsa a kan tiren na ce ya girgiza. Ya girgiza, duk layin ya yi rawa har ƙura na zubo mana a ka. Ya janye hannu ya ce, "A canza."

Masu ba da aiki iri-iri ne, amma kusan dukkansu tambayarsu ɗaya: me ya sa ba za a sa siminti ba? Siminti in ya ji zafi tsagewa yake, kuma ko bai tsage ba, robar waya in ta narke sai ta bar masa rami zagaye da tagullar. Wani kuma ya ce ga kumfar gwangwani nan da ake fesa wa bakin taga, tana cika rami nan da nan. Wani Alhaji mai kamfanin shinkafa a hanyar Na'ibawa ya kafe a kan wannan. Ban yi musu da shi ba. Na fesa kumfar a murfin fenti, na ajiye guntun audugata a gefe, na roƙi direbansa ashana. Kumfar ta kama fuu, tana ɗiga, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ofis har Alhaji ya ja babbar riga ya toshe hanci. Audugar ko launi ba ta canza ba.

"Kai, Haladu, fitar da abin nan waje! Ka yi yadda ka sani."

Sai kuma shekarun da masaƙu suka mutu. Wutar lantarki ta zama baƙuwa, atamfar waje ta cika kasuwa, aka riƙa garƙame ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Bompai da na sani da jiniyar tashi daga aiki ta koma wurin kiwon awaki. Wanda bai iya kunna injinsa ba, ina zai kira mai toshe rami? Man toshiyar da na ajiye ya daskare a cikin robobinsa, na kwashe na zubar. Na ɗauki jaka na koma Ɗorayi ina wayarin ɗin gidaje, ina gyaran fanka da injin ban-ruwa. Abokan sana'ata wasu sun koma gona, wasu sun hau acaɓa, ba su dawo ba.

A cikin wannan yanayi wani maigadi da na sani ya aiko in zo in ga abin mamaki a wata rufaffiyar masaƙa. Ɓarayin tagulla ne suka shiga. Dabararsu ita ce su yanke waya a ƙarshe ɗaya, su taru su ja ta daga ɗaya ƙarshen, ta zaro ta cikin bangaye kamar zare daga allura. Ko'ina ta zaro musu. Da suka zo bangon da ni na toshe, ta ƙi. Ga sawun ƙafafunsu nan inda suka turje suna ja. Daga ƙarshe zarto suka sa ta gefen nan, suka zagaya suka sa ta gefen can, suka bar guntayen a cikin bango kamar kututture. Maigadin ya ce, "Na tabbata sun tsine maka." Na ce ban taɓa samun shedar aiki irin wannan ba.

Da wuraren suka fara farfaɗowa, ba da saƙa suka dawo ba. Roba ce, da shinkafa, da ruwan leda, da taliya. A nan na haɗu da Injiniya Rabi, 'yar Nassarawa, wadda kamfanoni ke ɗauka ta duba musu tsaron gobara. Na girme ta nesa ba kusa ba, amma ita ta mayar da ni ɗalibi. Ta zo da kayan da ban taɓa gani ba. Akwai wani man toshiya da in ya ji wuta yake kumbura ya cike gurbin robar da ta narke. Akwai wani abin wuya na ƙarfe da ake ɗaura wa bututun roba, zafi na zuwa sai abin da ke cikinsa ya kumbura ya shaƙe bututun. Akwai wasu 'yan matasan kai da ake jerawa a ramin da za a riƙa ƙara waya, a zare a mayar. Na ce mata ni ban yarda da abin da ban ga aikinsa ba. Ta ce, "Baba, ni ma haka." Muka je bayan shagon nan da guntun bulo da abin hura wuta na masu walda, muka ƙona su ɗaya bayan ɗaya har na gamsu. Tun daga ranar in ta rubuta, ni nake aikatawa, in na ga abin da zane bai nuna ba, na kira ta ta zo ta hau tsani da kanta.

Ita ta kai ni wani kamfanin takalman roba a nan Sharaɗa. Injina a ƙasa, ɗakin fanel a kusurwar baya, inda ake raba wuta. Daidai saman wannan ɗaki akwai zauren da mata ke jera takalma a kwali, da sito cike da kaya har rufi. Matakala ɗaya ce tal ke hawa can. Wayoyi sun huda kankaren sun hau, ramin kuwa yaro zai iya zurawa ta ciki, an rufe shi da guntun katako don kada takalmi ya faɗa. Mai kamfanin, Alhaji Sule, bai so ba, don sai an kashe injina kafin in shiga tsakanin wayoyin. Injiniya ta kai shi ya tsaya a bakin ramin ta sama, ta ce ya ji iskar da ke busowa. Zafin fanel ne ke taso masa a fuska. Ta ce, "Alhaji, ranar da abin ƙasa ya kama, ta nan zai fara gaishe da matan nan." Ya ba mu ranar Lahadi. Na zuba kwaɓi, na zagaye kowace waya da man nan mai kumbura, na yi fenti sama da ƙasa.

Bayan kamar shekara na koma kamfanin don wani aiki daban. Ɗabi'ata ce in na shiga wuri sai na leƙa tsofaffin ayyukana. Na haska tocila sama, sai na ga leda baƙa tana lilo a gefen toshiyar. Masu sa kyamarar tsaro ne suka zo, suna neman hanyar 'yar siririyar wayarsu, suka sa rodi suka fasa gefe guda, suka zura, suka cusa leda. Ku ma kuna yi, kada ku sunkuyar da kai. Na nemo manajan wurin na nuna masa.

"Baba, wannan ɗan hujin? Ko ɗan yatsa biyu bai kai ba."

"Ranka ya daɗe, jirgin ruwa ma da ɗan huji yake nitsewa. Ka ba ni tsani."

Ban bar kamfanin ba sai da na zare ledar, na share, na cike, na kunna turare na gani.

Da bazarar da ta biyo baya, wata rana bayan azahar ina nan shago, sai na ga mutane na gudu suna nuna sama. Baƙin hayaƙi ne ya miƙe ta wajen kamfanin. Na hau babur. Kafin in isa ma'aikata sun cika titi, wani haɗin waya ne ya yi zafi a cikin fanel ya kama. Hayaƙi na tuttuɗowa ta tagar ɗakin fanel ta baya, kana jin abubuwa na fashewa a ciki. Matan bene suna ta fitowa, wasu ba takalmi, wasu ba mayafi, ana salati. Sai wata ta ƙwalla ihu:

"Malam Dauda! Malam Dauda yana sama!"

Shi ne mai kula da sito, mutumin Gumel, shan-inna ta taɓa masa ƙafa tun yana yaro, da sanda yake tafiya. Ashe da aka yi ihun gobara bai nufi matakala ba. Sai da ya bi layin kwalaye har ƙurya, ya leƙa ɗan wurin da mata ke sallah, don ya san akwai mai jego da ke kwantar da jaririnta a can. Ya same ta, ya turo ta gaba, shi ya tsaya a baya. Samari biyu suka ruga ciki don su ɗauko shi.

Kowa ƙofa yake kallo. Ni tagogin bene nake kallo. Na san abin da ke ƙarƙashin wannan zaure, na san in toshiyar ta saki, hayaƙin robar nan zai cika benen kafin mutum ya karanta Fatiha, kuma da shi da samarin ba mai saukowa. Injiniya Rabi ta iso, ta tsaya kusa da ni, ita ma can take kallo. Ta cikin gilashi ana hango kwalaye a jere, farare tas. Muka yi ta kallo. Suna nan farare.

Sai ga su sun fito, Malam Dauda a tsakiya, ya rataya a kafaɗun samarin, yana ta faɗa wai sun bar masa sanda a sama. 'Yan kwana-kwana suka iso suka kashe wutar a ɗakin da ta tashi. Fanel ya tafi gaba ɗaya. Ko kwali ɗaya bai ƙone a bene ba.

Washegari aka kira ni. Ta ƙasa, rufin ɗakin ya yi baƙi ƙirin, wayoyin sun zama tsirara, man nan ya kumbura ya zama gawayi mai tauri, ya shaƙe kowace tagulla. Ta sama kuwa fentin da na shafa ko kumbura bai yi ba. Ina tsaye a kan tsani ina dubawa sai na ji ƙarar sanda a bayana. Malam Dauda ne.

"Malam Haladu, an ce in zo in ga abin da ya tsare mu. Ina yake?"

Na haska masa.

Ya daɗe yana kallo. "Wannan ne? Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ikon Allah. Sama da shekara ina zaune a kansa, ban taɓa sanin yana nan ba." Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. "Don Allah ɓanɓaro mini kaɗan. Uwar 'ya'yana ba ta yarda ba da na gaya mata, ta ce sai ta gani."

Na sa kurfi na ɓallo masa guntun gawayin kamar girman goro. Ya karɓa da hannu biyu, ya ƙulle a hankicinsa, ya sa a aljihun gaba. Na ce masa ya ja da baya kada ɓaraguzai su zubo masa, don toshiyar da ta ga wuta sau ɗaya ta gama aikinta, ba a sake dogara da ita. Na ɗaga guduma na fara farfasa ta.